Bayan Wuƙar Likita: Darussa Tara Daga Tiyatar Rage Ƙiba

A ƙasar Hausa ba a yi wa mai ƙiba jaje, barka ake yi masa. Ka kwana biyu ba ku haɗu da mutum ba, ya ga wuyanka ya ƙara cika, sai ka ji ya ce, "Kai, Alhaji, lallai an samu hutu!" Amarya ta yi wata uku a ɗaki ba ta murje ba, dangi su fara tambayar ko angon ba ya cefane. Har ƙwayoyi ake sayarwa a kasuwa, waɗanda ake kira "sha ka fashe", don kawai jiki ya cika ido. A cikin wannan yabo na yi shekaru ina ƙara faɗi, tela yana ƙara yadi, ni kuma ina lissafa abin cikin rufin asiri. Babbar riga kuwa ba ta tona asirin kowa.

Jiki ne ya fara ƙin amsa barkar. Hawan jini ya zo, ciwon suga ya biyo sawu, gwiwoyi suka ce ba da su ba, har na koma yin salla a kan kujerar roba a gefen sahu tare da sa'o'in mahaifina. Minsharina kuwa, uwargida ta ce wani lokaci numfashin tsayawa yake yi cak, sai ta zungure ni sannan ya dawo. Na sha shayin rage ƙiba, na sha lemon tsami da ruwan zafi da sassafe, na yi azumin Litinin da Alhamis da niyya biyu a zuciya. Duk abin da na sauke sai ya dawo da 'yan rakiya.

Daga ƙarshe likitan da ke duba ni ya kawo maganar tiyata. Ya lissafa mini ma'aunin da suke kira BMI: a raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita, a sake raba abin da ya fito da tsawon. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi tun 1991 ita ce sai ma'aunin ya kai 40, ko 35 ga mai wata cuta da ƙiba ta jawo. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauto da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga. Da tsohuwar ƙa'idar da sabuwar duk na wuce su da tazara. A Alƙahira aka yi mini aikin. Ba ni da labarinsa, don ina barci aka yi shi. Labarin da nake da shi na abin da ya biyo baya ne.

1. Wuƙa tumbi take yankewa, ba ta kai ga kwaɗayi.

Irin aikin da aka yi mini shi ne aka fi yi a duniya yanzu. Ta 'yan ƙananan huji a fatar ciki ake shiga da kyamara, a yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar wani siririn ziri mai kama da ayaba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ke samar da mafi yawan wani sinadari mai suna girelin, wanda ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa. Shi ya sa na dawo gida ba na jin yunwa ko kaɗan, sai an tuna mini. Na ce shi ke nan, magana ta ƙare. Sai wani yammaci ana dawo da ni daga asibiti, danja ta tsayar da mu daidai tukubar wani mai tsire. Hayaƙin ya shigo ta taga, yawu ya cika mini baki, hannuna ya shiga aljihu ba tare da ya yi shawara da ni ba. Cikina cike yake da romon da na sha, ɗinki bai gama warkewa ba, amma wani abu a kaina yana cewa, "Na dubu biyu, a sa yaji da yawa." Ashe yunwa biyu nake ɗauke da ita, ta ciki da ta ido, likita kuwa ɗaya ya cire. Daga ranar na fara sa wa kaina ido. Abin da ke kai ni teburin mai shayi ƙarfe goma na dare hira ce. Abin da ke sa ni buɗe firij bayan an ɓata mini rai a wurin aiki haushi ne. Na samu ɗan littafi na raba shafinsa biyu, gefe ɗaya abin da na ci, ɗaya gefen abin da ya faru kafin in ci. Gefe na biyu ya fi na farko ban kunya, kuma shi ya fi koya mini karatu.

2. Wanda ya saba haɗiya, dole ya koyi tauna.

Mataki-mataki ake mayar da mutum ga abinci. Makonnin farko ruwa-ruwa zalla: romo, madara, kindirmon da ba a sa wa suga ba. Daga nan sai abin da aka markaɗa, sai mai laushi irin su alale da kifi da dafaffen ƙwai, kafin wajen mako na shida zuwa na takwas a ba ka izinin abin da kowa ke ci. Ranar da aka ce zan iya taɓa tuwo, sai da na sa aka kaɗa miyar kuka da man shanu. Mu dai ba ma tauna tuwo. A gutsura, a mulmula, a dangwala, a tura, miya ta raka shi. Kuma yawancinmu a tire ɗaya muka tashi da 'yan'uwa, inda mai nawa ke miƙewa da yunwa. Ban yi nisa ba wata loma ta tsaya mini a ƙahon zuci, ta ƙi sauka, ta ƙi dawowa. Yawu mai kumfa ya riƙa taruwa a bakina, ina zagaye tsakar gida dafe da ƙirji, yara suna leƙe ta labule, sai da na amayar da ita na samu kaina. Yanzu da ƙaramin cokali nake ci, a ƙaramin faranti. In tauna loma har ta narke, in ajiye cokalin, sannan in sake ɗauka. Abincin da a da nake gamawa kafin ladan ya idar da kiran salla, yau minti 20 zuwa 30 yake ɗauka. Ƙoshi ma ya sauya kama: shaƙuwa ce guda, ko hanci ya fara yoyo, kuma duk lomar da ta biyo bayan wannan alama sai an yi nadamarta. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne raba ruwa da abinci. Ba a sha ana ci, sai an yi rabin awa da gamawa, domin ruwan zai cinye ɗan gurbin da ya rage, ko ya kora abincin da wuri. Amma kuma dole a sha lita 1.5 zuwa 2 a rana, kurɓi-kurɓi. Har yau abokai na tsokanata da gorar da ba ta barin hannuna.

3. Nama a farko, tuwo in wuri ya rage.

Tarbiyyar da muka samu ita ce yaron kirki ba ya fara kai hannu ga nama. Sai an sauke tuwo, babba ya raba, kowa ya rufe da tsokarsa. Jami'ar da ke tsara wa majinyata abinci ta juya mini wannan tsari baki ɗaya. Tunda wurin kaɗan ne, abin da ke gina jiki shi zai fara shiga, ganye ya biyo baya, shinkafa ko tuwo in an samu sarari. Ana son wanda aka yi wa wannan aiki ya samu furotin giram 60 zuwa 80 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne ko 7, sai ka buga lissafi ka gani. Na gyaɗa mata kai, na dawo gida na ci gaba da koko da kamu, don su ne ke wucewa ba gardama. Wanzamina ne ya fara lura. Ya tsayar da aska ya ce, "Alhaji, kan nan fa ya fara zama fili." Zubewar gashi tsakanin wata na uku da na shida abu ne da ke samun da yawa daga waɗanda aka yi wa aikin, kuma yakan tsiro daga baya, sai dai ƙarancin furotin na ƙara masa gudu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na kasa ɗaga tukunyar gas daga bayan mota, ɗan maƙwabci ya zo ya ɗauke ta da hannu ɗaya. Ina ta murna sikeli yana sauka, ashe ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka. Gyaran bai buƙaci aljihun attajiri ba: wake, ƙwai, kindirmo, busasshen kifi a miya, kwaɗon zogale da ƙuli, kaza in ta samu. Kilishi da tsire sun daɗe ba mu shirya ba saboda bushewarsu, sai farfesun da ya dahu luguf. Awara da nake yi wa kallon abincin 'yan makaranta kuwa, yau ina da mai ajiye mini wadda ba ta kai ga kaskon suya ba.

4. Abin kurɓa ba ya tsoron ƙaramin tumbi.

Kafin in cika shekara sikeli ya kafe. Na je wa likita da rantsuwa cewa ba na cin komai, kuma ban yi kaffara ba, don ba ci nake yi ba, sha nake yi. Shayi mai kauri da madarar gwangwani da safe, zoɓo da rana, kunun aya da la'asar, fura da nono da suga da dare. An hana ni lemon kwalba saboda iskarsa tana kumbura ɗan tumbin, sai na ƙirƙiro dabarar girgiza kwalbar har iskar ta fita, ina ganin na yi wayo. Cincin da biskit su ma da zarar sun haɗu da yawu sun zama ruwa. Tumbin yana iya tare tuwo da nama, amma ruwan suga wucewa yake yi ko sallama babu. Kwalbar lemo mai rabin lita tana iya ɗauke da suga wajen giram 50, wanda shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sha a yini guda, ta kuma ce rabin hakan ya fi alheri. Jikin da kansa ya ja mini kunne a wajen wata walima. Na ɗaga kofin wani haɗi mai zaƙi da madara na shanye. Ba a fi minti ashirin ba zufa ta keto mini, zuciya ta shiga dukan uku-uku, ciki yana murɗawa, rumfar tana juyawa. Likita ya yi mini bayani daga baya: suga mai yawa ne ya faɗa hanji lokaci guda, ya janyo ruwa daga jini. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku abin ke buge shi, idan jiki ya saki insulin fiye da kima, sugan jini ya faɗi. Ya ce abin ya fi samun waɗanda aka yi wa ɗaya nau'in aikin, na karkatar da hanji, inda ake haɗa ɗan guntun tumbi kai tsaye da ƙaramin hanji, amma irina ma ba su tsira ba. Yanzu zoɓona da citta da kanumfari ne kawai, shayina baƙi. Sai da harshe ya yi makonni yana ƙorafi kafin ya haƙura.

5. Tukunya ɗaya ce a gida.

Na yi shawara da likita, na yi da wanda ya ranta mini cikon kuɗi, amma wadda ke riƙe da ludayi sai labari ta ji a taƙaice. Shekaru ta yi tana auna gamsuwata da yadda kwano ke dawowa a suɗe. Kwatsam sai ga kwano yana dawowa kusan yadda ya tafi. Wata rana ta zauna a bakin gado ta ce, "Malam, in girkin ne ya daina yi maka daɗi, ka faɗa mini. In kuma wani wuri kake ci, shi ma ka faɗa mini." Dariya ta zo mini, na ga fuskarta na haɗiye. Zuwa asibiti na gaba da ita na tafi, ta ji komai da kunnenta, ta yi tambayoyin da ni ban taɓa tunaninsu ba: nawa ne mai, wane kifi, yaya za a yi da baƙi. Daga nan ta fi likitan tsanani. Mun fara gwada tukunya biyu, tawa da ta sauran gida, abin bai ɗore ba. Ga tsada, ga wahala, ga ni a gefe da dafaffen kifi ina kallon kowa yana cin soyayyen dankali. Sai muka gyara tukunyar gaba ɗaya. Man gyaɗa da ake tuttulawa daga galan ya koma cokali-cokali. Dunƙule ya ragu, daddawa ta ƙaru. Ganye ya daina zama ado a gefen faranti. Lemo ya bar firij sai ranar salla. Yara sun yi bore, babban ma ya ce tiyatar mutum ɗaya aka yi amma gida duka ke jinya. Na dube shi, na ga wuyansa ya fara ɗaukar hanyar da nawa ya bi a shekarunsa, na ce ya ci gaba da jinyar.

6. Rama tana da 'yan jaje.

Ni ɗan fari ne, Hajiya mahaifiyata ba ta kama sunana. Da na je gaishe ta bayan jiki ya zabge, ba ta ce mini komai ba, sai ta juya ga uwargida ta ce, "Wannan me yake damunsa? Ku ji tsoron Allah ku gaya mini gaskiya." Washegari ga jarkar rubutu an aiko. Ita tata damuwar ta uwa ce. Ta gari kuwa daban: wasu suka ce suga ne ya cinye ni, wasu suka ce karayar arziki, wasu suka ce sammu, wasu suka rage murya suka ambaci ciwon zamani. Akwai wanda ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya daɗe yana cewa, "Allah Ya sa kaffara ne." Ni na buɗe wannan ƙofa, don da zan tafi cewa na yi gwiwa za a duba mini. Abin da ka ɓoye, mutane za su cike gurbinsa da abin da ya fi shi muni. Da na fito na faɗi gaskiya sai wani rukunin ya taso: kuɗi ne suka yi maka yawa, ragwanci ne ya hana ka motsa jiki, ka je an taɓa halittar Allah. Wannan ta ƙarshe ta tsaya mini a rai har sai da na kai ta gaban malaminmu, ya ce neman magani ga cutar da ke barazana ga rai ba ya cikin abin da aka hana. Sauran kuwa na bar su, don wanda bai taɓa zagaye tsakar gida da loma a ƙirji ba zai iya kiran abin sauƙi. Wurin biki da suna ne jarrabawar ta fi tsanani, inda ƙin cin abinci ke zama raini. "Ci mana, Alhaji, ko namu bai kai ba ne?" Dogon bayani ba ya aiki a nan. Kalmomi uku na riƙe: "Likita ya hana." In an matsa, in ce a zuba mini a leda in kai wa yara. Mai gida ya fita kunya, ni ma na fita.

7. Wanda ya yanka ka yana nesa, jikinka yana nan.

Kafin in biya kuɗi, saƙona na WhatsApp ba ya minti biyar ba a amsa ba. Bayan na dawo gida amsar ta fara kwana, daga baya ta fara mako. Ban riƙe kowa a zuciya ba, amma na fahimci cewa aikin awa ɗaya ko biyu ne, kulawar kuwa ta sauran rayuwa ce, kuma ba a yin ta daga wata ƙasa. An sallamo ni da ƙwayoyin bitamin, aka ce har abada. Da suka ƙare ina jin garau, sai na ga asarar kuɗi ce. Abin da ban riƙe ba shi ne tumbi ba jaka ce kawai ba. Shi ke fitar da ruwan tsami da wani sinadarin da sai da su jiki ke iya tsotsar bitamin B12 da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Hanta tana da ajiyar B12 da kan kai shekaru, don haka rashin ba ya nuna kansa da wuri. Ni sai da tafin ƙafata ya fara yi mini yam-yam, yatsu suna mutuwa, ga gajiya ba dalili, gwajin jini ya tona abin da na yi. Bitamin B1 kuwa ajiyarsa ta 'yan makonni ce, shi ya sa aman da ya ƙi tsayawa bayan wannan aiki maganar asibiti ce a ranar, ba ta jiƙo ba. Akwai kalsiyam da bitamin D saboda ƙashi. Akwai tsakuwar madaciya da saurin rama ke haifarwa. Akwai haɗin da mai kemis ke ƙulla wa mai ciwon jiki, wanda sau da yawa ba ya rasa ibuprofen ko diclofenac, su kuwa suna iya huda ɗan tumbin da gyambo. Maganin suga da na hawan jini ma sai an sake auna su, don adadin da ya dace da tsohon jiki yana iya kayar da sabo. Mace kuma ana ba ta shawarar ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Duk waɗannan suna buƙatar likita na kusa wanda ya san fayil ɗinka, da gwajin jini a kai a kai a shekarar farko, sannan aƙalla sau ɗaya duk shekara. Nemo shi kafin ka nemi biza.

8. Tambayi likita, tambayi malam, kada ka tambayi girman kai.

Azumin farko ya same ni ban cika shekara da aikin ba, ya kuma faɗo a bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Likita ya ce in bari. Na ce mutum kamata, da gemu da furfura, a gan shi da gora da rana tsaka? Na ɗauka. Mai cikakken tumbi yana iya ɗaga jug ya shanye da sahur, ni kuwa kurɓi uku na cika. Kafin la'asar fitsari ya yi ja, kai yana sarawa, in na miƙe sai na dafa bango. Da aka kira magariba na afka wa kunun tsamiya da ƙosai, nan take wuri ya ƙare, babu gurbin ruwa balle abincin kirki. Ba a je ko'ina ba na tsinci kaina a gadon asibiti, ledar ƙarin ruwa tana ɗiga a hannuna. Malam ya zo dubiya, ya zauna ya ce, "Alhaji, Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame, ayar tana nan cikin Baƙara, kai kuma ka ce ka fi ƙarfin kyauta?" Da zai tafi ya ƙara da tsokana, wai hadisin raba ciki kashi uku da ya yi shekaru yana karanta mana, ni sai da aka sa wuƙa na yi aiki da shi. Na rama azumin da hunturu. A shekarun da suka biyo baya, da izinin likita, ina yin azumina lafiya, amma da tsari. In buɗe baki da dabino ɗaya da ruwa kaɗan, in yi salla, in dawo in ci abin da ke gina jiki. Daga isha'i zuwa barci gora tana gefena, har a sahun tarawihi. Sahur kuwa in jinkirta shi, in yi da ƙwai ko wake ko kindirmo. Soye-soyen shan ruwa na bar wa masu wurin zuba su.

9. Shekarar farko aro ce.

A watannin farko ko me ka yi nauyi sauka yake yi, sai ka ɗauka ƙoƙarinka ne. Wajen wata 12 zuwa 18 saukar takan tsaya, yunwa ta fara dawowa, tumbin ya ɗan saki. Wani babban bincike da aka fara a Suwidin a 1987, aka bi mutum fiye da 4,000 shekara da shekaru, ya nuna waɗanda aka yi wa aikin karkatar da hanji sun sauke wajen kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu, bayan shekara goma kuma abin ya tsaya a wajen kashi 25. Wato dawowar wani abu ba abin mamaki ba ne. Binciken ya kuma nuna mace-mace sun ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata, in aka gwada da waɗanda ba a yi wa ba. Ni nawa ya fara dawowa ne ta durowar ofis: gyaɗa kaɗan yanzu, cincin kaɗan an jima, ba ƙoshi ba yunwa, baki dai ba ya hutawa. Tela ne ya sanar da ni, da murmushinsa. Abin da ya tare abin shi ne ɗabi'un da na samu na kafa tun jiki yana ba da haɗin kai. Bayan asuba ba na komawa gado, zagaye unguwa nake yi da sauri har in yi gumi, don in cika minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Kwana biyu a mako ina ɗaga galan cike da yashi saboda tsoka. Abinci sau uku a zaune, da ɗan abu ɗaya a tsakani, ba ci a tsaye, ba ci a mota. Sikeli sau ɗaya a mako, ranar Juma'a da safe, don hawansa kullum hauka yake sa mutum. Fatar da ta saki a ciki da damatsa tana nan, na daina jin haushinta. Akwai kuma awon da sikeli bai san da shi ba: an rage mini magunguna, uwargida tana barci ba zunguri, kujerar roba ta koma wurin masu ita, goshina yana taɓa ƙasa.

Ana yawan tambayata ko na yi nadama. Ban yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa, kuma ga wanda tasa ta kai inda tawa ta kai, wannan aiki magani ne na gaskiya, ba gata ba. Amma aiki ne babba, yana da haɗarinsa, tumbin da aka cire kuma ba ya dawowa. Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, kafin ka sa filinka a kasuwa, kafin ki sayar da sarƙarki, a fara zama da likitan da ya san ciwon, a tafi da wanda ake cin tukunya ɗaya da shi, a tanadi kuɗin bitamin da gwajin jini na shekaru, ba na jirgi kaɗai ba. Sannan a gwada tun yanzu: wata guda ba lemo, ba suga a shayi, ana tauna loma, ana tafiyar ƙafa bayan asuba. Irin abin da za a nema daga gare ka bayan aikin ke nan. In ka iya, ka shirya. In ka kasa, ka fara gyara wannan tukuna.